Yoyon man shakazobar babur: dalilai, haɗari da hanyoyin gyara

Danshin mai a jikin sandunan gaba na babur abu ne da masu babura da dama ke gani su kau da kai, tun da injin na tashi kuma babur na tafiya. Sai dai wannan mai na fitowa ne daga shakazoba, wadda ke sa tayar gaba ta manne da ƙasa, kuma wurin da yake zuba bai da nisa da birki.

Yadda shakazoba ke aiki

Galibin babura na da sanduna biyu da ke riƙe da tayar gaba. Kowace sanda bututu biyu ne, ɗaya na shiga cikin ɗaya, kuma a ciki akwai sifirin da mai.

Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, shi kuwa man ana tura shi ne ta wasu ƙananan huji a duk lokacin da taya ta faɗa rami, abin da ke rage saurin nutsewa da dawowa. Idan babu mai, babur zai riƙa tsalle ba ƙaƙƙautawa.

Kamfanin BMW na Jamus na cikin waɗanda suka fara sayar da babura masu irin wannan tsari a shekarar 1935, da samfurin R12 da R17. Shi ne kuma ake samu a kan ƙananan babura irin su Bajaj Boxer da suka cika titunan Najeriya da Nijar.

Abin da ke tsare man a ciki shi ne wani zoben roba da makanikai ke kira sil. Yana da leɓe siriri da ke rungume da sandar, da wani ɗan sifirin da ke ƙara matse shi. A samansa akwai wata robar da aikinta shi ne share ƙura kafin ta isa gare shi.

Abin da ke jawo yoyo

Ƙura ce kan gaba. Ƙwayar yashi guda idan ta maƙale a ƙarƙashin leɓen sil ta isa ta buɗe wa mai hanya. Wannan ne ya sa matsalar ke yawaita a lokacin hunturu, da kuma damina, lokacin da taɓo ke bushewa a jikin sanda.

Sai tsatsa da tabon tsakuwa. Jikin sandar a shafe yake da ƙarfe mai sheƙi da santsi, kuma da zarar ya sami tabo mai kaifi, zai riƙa yankar roba a kowane hawa da sauka.

Akwai kuma cinyewar bushin da ke daidaita bututun biyu, da lanƙwasar sanda bayan faɗuwa ko karo. Lodin da ya wuce kima a kan hanya mai ramuka na gaggauta duka biyun. Ita ma robar kan tsufa ta ƙandare, musamman a babur ɗin da ya daɗe a ajiye cikin rana.

Haɗarin da ke ciki

Man da ya gangaro kan iya kaiwa ga faifan birki ko jikin taya. Birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayar da babur, don haka idan mai ya taɓa shi, tazarar da ake buƙata kafin a tsaya kan ƙaru sosai.

Idan sanda ɗaya ta rasa mai alhali ɗayar na cike, gaban babur kan nutse da ƙarfi yayin kama birki, kuma kan babur ya riƙa rawa a kwana. Lamarin ya fi tsanani a manyan babura masu shakazobar da aka kifar, inda sil ɗin ke ƙasa, mai kuma na kwance a kansa, dab da birki.

Matakin farko

Ba kowane yoyo ne ke buƙatar sabon sil ba. Akan goge sandar tsaf, a danna kan babur sau da dama, sannan a duba. Idan zoben mai ya sake bayyana, to yoyon ya tabbata.

Daga nan akan ɗaga robar ƙura a hankali, a zura wata siririyar leda mai ƙwari, irin tsohon fim na kyamara, tsakanin sil da sanda, a zagaya da ita domin fito da datti. Sau da yawa wannan kaɗai na tsayar da yoyo. Bai kamata a yi amfani da wuƙa, allura ko sukudireba ba, domin suna yaga roba su kuma karce sanda.

Ɗaure tsumma a jikin sanda, kamar yadda wasu ke yi, na iya hana mai gangarowa na ɗan lokaci, amma bai hana shi ƙarewa.

Canza sil

Idan yoyo ya ci gaba, sai an ɗaga gaban babur, an cire taya da sandunan, an zubar da tsohon mai, an kuma wanke ciki. Ana canza sil na ɓangarorin biyu ne tare da robobin ƙura, ko da ɗaya ce ke yoyo.

Kafin a sa sabo, wajibi ne a bi jikin sanda da farce don gano tabo. Ƙaramin tabo akan goge kaifinsa da sanfefa mafi laushi, amma sandar da tsatsa ta ci ko ta lanƙwashe sai dai a canza ta. Wanda ya tsallake wannan mataki zai koma wurin makanike cikin ɗan lokaci da matsala iri ɗaya.

Akan shafa wa sabon sil mai, a rufe bakin sanda da leda kafin a zura shi, ɓangaren da ke da ɗan sifirin na fuskantar mai. Ana shigar da shi ne daidai wa daida da bututun da ya dace da faɗinsa, ba da dukan guduma kai tsaye ba, sannan a mayar da zoben wayar da ke riƙe shi.

Yawan mai da kaurinsa na rubuce a littafin da kamfani ke bayarwa, kuma dole ne awon ya zama ɗaya a sandunan biyu. Cika mai fiye da kima na ƙara matsi a kan sil, shi kuma tsohon baƙin mai na inji na ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da ke cin bushin.

Takalman birkin da suka sha mai ba sa wankuwa, canza su ake yi, a kuma wanke faifan sosai.

Rigakafi

Goge sanduna da tsumma mai laushi bayan tafiya cikin ƙura ko taɓo na tsawaita rayuwar sil. Haka ma sanya rigar roba mai kama da zugazugi da ke rufe sandar, muddin ana canza ta idan ta yage, domin yagaggiya kan tara ruwa da yashi a ciki.

Kuɗin sil biyu da mai bai kai kuɗin sabuwar sanda ba, balle na jinyar wanda birki ya ƙi kama masa.