Babbar Ruga: Yadda Bishara ta Shigo Ƙasarmu ta Ƙofar Asibiti

'Yan'uwa matasa, in aka tambaye mu yadda ikilisiya ta samu wurin zama a ƙasar Katsina da Daura, yawancinmu a nan Mai'adua za mu ce 'yan mishan ne suka zo suka yi wa'azi. Ba haka kawai abin yake ba. Shekara da shekaru ba a ba su izinin yin wa'azin ba ma.

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba. Saboda haka mishan ɗin SIM, wadda Bingham da Gowans da Kent suka fara a 1893, ta yi ta aiki a wasu wurare, amma ƙasashen sarakunan Musulmi suna rufe gare ta. Abin mamaki, a ƙetaren iyaka, ƙarƙashin mulkin Faransa, ta riga ta zauna a Damagaram tun 1924.

Abin da ya buɗe ƙofar shi ne kuturta. Cutar ta yi yawa a Arewa, sansanonin da hukumar En'e ta kafa kuma ba su da isassun ma'aikata. Wajen 1937, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka miƙa wa SIM kula da manyan sansanoni uku: Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga kusa da birnin Katsina. Daura tana cikin Lardin Katsina a lokacin, don haka wannan ce ta shiyyarmu.

Mu tuna irin zaman da ake yi a wurin. Maganin da ake da shi allurar wani man itace ce da ake kawowa daga Indiya, mai zafi ƙwarai, warakar kuma ba tabbas. Sai bayan yaƙin duniya na biyu ƙwayar dapsone ta zo. Majiyyaci yakan yi shekaru a sansani, yana noma, ana wanke masa gyambo, in yana so ya koyi karatun boko. Littafi Mai Tsarki na Hausa bai daɗe da fitowa ba, a 1932 aka buga shi, shi ne kuma ake karantawa a taron addu'a. Hannun da ya ɗaure miki shi ne yake buɗe Littafin, masu sauraro kuwa mutane ne da wasunsu danginsu sun daina cin abinci tare da su. Labarin kuturun da Yesu ya taɓa a Markus sura 1 ba ya bukatar dogon bayani a irin wannan taro.

Akwai wani gefe da bai kamata mu ɓoye ba. Mara lafiya ba shi da ƙarfin cewa a'a ga mai ba shi magani, kuma an yi ta saɓani da hukuma a kan koya wa yaran Musulmi addini. Yawancin majiyyata sun koma gida da addininsu, ba a kuma hana su magani don haka ba. A ganinmu, wannan ne ya sa aka ci gaba da amincewa da aikin. Daga cikin waɗanda suka ba da gaskiya, wasu sun koyi aikin ba da magani suka fita ƙananan ɗakunan magani na ƙauyuka, wasu suka zama masu bishara. Irin waɗannan masu bi suna cikin waɗanda ECWA ta gada da aka kafa ta a 1954.

A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi asibitocin mishan, Babbar Ruga ta fita daga hannun ikilisiya. Amma wurin bai daina karɓar waɗanda ake gudu ba. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta a 1983, ya tarar da mata masu yoyon fitsari da mazajensu suka saka, ya fara yi musu tiyata. Yau Babbar Ruga cibiya ce ta gwamnatin tarayya ta wannan lalura. A Danja ta wajen Maraɗi ma, inda SIM ta buɗe asibitin kuturta a 1956, an ƙara sashen masu yoyon fitsari a 2012.