Golf 3: yadda motar da Jamus ta gaji da ita ta zama jakin Arewa

1/ Jama'a, duk wanda ya taɓa shiga tasha a Kano, Zariya ko Jos ya san Golf 3. Yanzu kuma ina ganin samari na tara kuɗi su saya, wai ita ce mota mai araha. Ku zo mu bi tarihinta, don a nan amsar arahar take. Zare 🧵

2/ Volkswagen ya fara ƙera Golf a 1974 don ta gaji Beetle, wadda iyayenmu suka hau. Golf 3 ita ce zubi na uku. Ta fito a 1991, a 1992 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Wagon ɗin da direbobinmu ke so ta zo a 1993.

3/ An daina ƙera ƙaramar a Turai a 1997, wagon kuma a 1999. Ke nan mafi ƙuruciyarsu ta haura shekara 25. Da yawa cikin masu karanta zaren nan ma ta girme ku 😅 Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

4/ To yaya aka yi ta cika hanyoyinmu? A 1975 Najeriya na haɗa motoci da kanta: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas. Ma'aikacin gwamnati kan karɓi rancen mota ya ɗauko sabuwa dal a leda.

5/ Sai SAP ta zo a 1986 zamanin Babangida. Darajar naira ta zube, sassan da ake shigowa da su don haɗa mota suka yi tsada, masana'antar Legas ta durƙushe. Sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi. Daga nan kasuwar gwanjon motoci ta buɗe.

6/ A lokacin ana loda su a tashar jiragen ruwa ta Antwerp, shi ya sa muke cewa 'yar Beljiyam ko da a Jamus aka ƙera ta. Su sauka Kwatano saboda sauƙin kuɗin fito, da yawa su ratso ta Nijar, ta Gaya da Maraɗi, su faɗo Arewa.

7/ Me ya sa Bature ke rabuwa da ita? A Jamus duk shekara 2 sai an kai mota gwajin lafiya. In gyaran da za a yi ta ci gwajin ya fi kuɗinta, sai ya sayar wa dillali. Wato kuɗin tsufanta ne ya guje wa, mu muka ɗauka.

8/ Ta karɓu a nan don dalilai masu ƙarfi. Injin 1.6 da 1.8 ba su da rikitarwa, bakaniken gefen titi na gane su. Wagon tana cin kaya: buhuna a but, mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Kayan gyara kuwa ga su a Ƙofar Ruwa da Panteka.

9/ Yanzu cututtukanta. Na farko zafi. Mahaɗan tiyon ruwa da ke jikin injin na roba ne. Bayan shekaru sai su bushe su tsage, ruwa ya riƙa zurarewa a hankali. Ranar da ta tafasa a go-slow, gasket ya ƙone, wani lokaci har kan injin ya lanƙwashe.

10/ Maganin da na fi gani a gareji shi ne a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya. Tafasar ta lafa, amma injin ba ya kai zafin da aka tsara masa. Sai ta ƙara shan mai, ruwan kuma ya ci lagireto da tsatsa.

11/ Na biyu wuta. Kwayil ɗinta kan tsage, shi ya sa wata ke ƙin tashi da damina ko bayan wanki. Na'urar da ke cikin distiributa in ta gaji, motar na mutuwa tana cikin tafiya. Injin ɗaga gilashi da makullan ƙofa kuwa, rewaya ya zama ɗan gida.

12/ Da yawa an cire musu injekta an sa kabireta, don bakanike ya fi sabawa da ita. Gyaran ya yi sauƙi, eh. Amma kabiretar da ba a saita daidai ba rijiya ce. Abin da ka tsira da shi a gareji, gidan mai zai karɓe.

13/ Na uku tsatsa. A Turai gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma Golf 3 ta yi suna wajen ruɓewa ta ƙasa: ƙarƙashin ƙofofi, bakin tayoyi, mazaunin shokozoba. Fenti na ɓoye wannan. Ka ɗaga kafet, ka leƙa ƙasa da tocila.

14/ Sai giya. Ni dai ba na ba kowa shawarar mai otomatik, don in ta fara fizga gyaranta na iya tasar wa kuɗin motar. Ta hannu ta fi juriya. Bel ɗin taimin kuma ka canza shi ranar da ka saya, kar ka yarda da "ai kwanan nan aka sa".

15/ Mu zo kan lissafi. Tankinta lita 55 ne. Farkon 2023 lita tana ƙasa da naira 200, wajen dubu 10 ka cika shi. Bayan cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 ya koma kusan dubu 30. Daga baya lita ta haura 1,000 a wurare da dama.

16/ Inshorar dole ta motar gida ta tashi daga 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023. Ga sabunta takardu, ga baƙin mai, ga tayoyi. Kayan gyara kuma da dala ake shigo da su, duk faɗuwar naira sai ta taɓa farashin ɗan filogi.

17/ Sannan a Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ita kuma ta wuce shekarun da kwastan ke karɓa. Yawancin wadda za a nuna maka yau ta yi shekaru tana haya a nan. In an ce maka sabuwar sauka ce, ka nemi takardun duti.

18/ Ban ce kar a saya ba fa. Direbobi da yawa da ita suka yi aure suka gina gida. Amma su kullum tana kawo kuɗi, tana biyan gyaranta. Kai da za ka hau zuwa ofis ko makaranta, daga aljihunka komai zai fita.

19/ Shawarata: kar ka zuba duk kuɗinka a saye. Ka ware na lagireto, tiyo, bel, birki da ƙafafu. Ka je da bakanikenka, ba na mai motar ba. A tayar da ita da sanyin safiya, a bar ta ta yi zafi har fanka ta kama da kanta.

20/ Masu Golf da direbobin haya, wace matsala ce ta fi cin kuɗinku? Ku ajiye a ƙasa, wani na shirin biyan kuɗi gobe 👇