Majigi, Kazar Bature Da Wasan Da Nake Ginawa

Shekara biyu ke nan ina gina wani ɗan wasan kwamfuta wanda ba shi da launi ko ɗaya sai baƙi da fari da toka-toka iri biyu. Aikina na yau da kullum rubuta manhaja ne, wannan kuwa aikin dare ne, idan an samu wuta ko batir bai gaza ba. Labarin wasan yana faruwa ne a kan hanyar da ta tashi daga Tambuwal, inda na girma, zuwa Kebbe, garin kakana na wajen uwa. Da farko na ɗauka finafinan Turawa da na Japan marasa launi nake kwaikwayo. Ranar da na nuna wa kakana abin a waya ne na gane cewa akwai wani tarihi da ya fi kusa da ni wanda ban taɓa waiwaya ba.

Ya riƙe wayar nesa da idonsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: "Abokina, wanga ai majigi ne. To ina mai bayani?"

Na ce, "Baba Tsoho, wane mai bayani?"

Ya ce, "Majigi ba ya tafiya sai da mai faɗa ma mutane abin da ad da akwai. Naka kurma ne."

Wannan maganar ce ta sa na ajiye rubuta wasan na koma karatun tarihi.

Kalmar majigi ta samo asali ne daga sunan da Turawa suke kiran wata fitila mai haska hoto a bango, wadda suke danganta ta da sihiri. Bahaushe ya karɓi kalmar ya lanƙwasa ta, ya ɗora ta a kan silimar tafi-da-gidanka ta gwamnati: mota mai ɗauke da injin wuta da na'urar haska fim da farin ƙyalle da lasifika, tana bin garuruwa da ƙauyuka. Wanda ya fi kowa suna a wannan harka shi ne William Sellers, jami'in kiwon lafiya a Legas, wanda ya fara amfani da fim wajen yaƙi da annobar da ɓeraye ke yaɗawa tun ƙarshen shekarun 1920. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, ta ɗora shi a kai. Sashen ya yi aiki har zuwa 1955, daga nan gwamnatocin jihohi, har da ta Jihar Arewa a Kaduna, suka ci gaba da nasu.

Tsarin nunin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Ana sanar da hakimi, a yi shela, bayan magariba a kafa ƙyalle a fili, galibi a ƙofar fada. A nuna labaran duniya, a nuna fim na koyarwa kan tsafta ko noma ko biyan haraji, a haɗa da na barkwanci irin na Charlie Chaplin don kada mutane su watse. A gefe kuma ga mai bayani da makirufo yana fassara komai da Hausa. Kyauta ake kallo, kuma yara da manya duk suna zuwa. Wannan ya bambanta majigi da gidan silima na kuɗi, irin Rex da aka buɗe a Kano a 1937, wanda mutanen kirki suka daɗe suna ƙyamar shiga. Har dodon bango aka riƙa kiran abin. Gobarar da ta tashi a silimar El Duniya a Kano a 1951, wadda ta ci rayuka 331, ta ƙara wa mutane da yawa wannan ƙyama. Mutumin karkara irin kakana bai san wancan gida ba. Shi fim a wurinsa abu ne da hukuma ke kawowa a mota, ta kwana ɗaya ta wuce.

Abin da kakana ya riƙe bai wuce guntaye ba: ƙarar injin, ƙwarin da ke taruwa a bakin haske, yaran da ke zagayawa bayan ƙyallen su ga ko mutanen suna can, da muryar mai bayani wanda yakan ƙara nasa gishirin har fili ya kece da dariya. Sunan fim ɗaya tak ya iya tunawa, Baban Larai, wanda aka yi a shekarun 1950 don koyar da noman auduga. Tsofaffi da yawa a ƙasar Hausa sun riƙe wannan suna har yau.

Akwai wani ɓangare na tarihin da ya dame ni. Sellers ya kafa ƙa'idojin yi wa ɗan Afirka fim: a rage gudu, a daɗe a kan kowane hoto, a guji yawan yanka, kada kyamara ta riƙa yawo, kada a cika hoto da tarkace. Dalilinsa shi ne wai ƙwaƙwalwar wanda bai yi boko ba ba za ta iya bin fim irin na Turawa ba. Hujjar da aka yi ta maimaitawa ita ce labarin kaza. An nuna wa mutane fim kan tsaftar gida, da aka tambaye su abin da suka gani, sai suka ce kaza. Masu fim ɗin ba su ma san da ita ba, sai da suka sake dubawa suka ga ta gilma a wata kusurwa na ɗan lokaci. Turawan suka ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa mutanen ba su iya kallo ba.

Ni kuwa da na karanta, sai na ga akasin haka. Mutanen da suka hango abin da mai kyamara da mai tace fim suka kasa gani, ai ba ido suka rasa ba. Duk wanda ya tashi a gidan da kaza take dukiya, wanda ya saba tsare kaji daga shirwa, dole idonsa ya kama motsinta. An kawo musu wa'azin shara, abin da suke yi kullum da safe, suka zaɓi abu guda mai rai a cikin hoton.

Dalilin da ya sa abin ya taɓa ni shi ne, ƙa'idojin Sellers sun yi kama da ƙa'idojin aikina. Allon wasana ɗigo 160 ne a kwance, 144 a tsaye, daidai da na Game Boy da kamfanin Nintendo ya fitar a 1989. Jimilla ɗigo 23,040, kowanne da zaɓi huɗu kacal tsakanin baƙi da fari. A irin wannan ƙunci, fuskar mutum ba ta wuce ɗigo shida ko takwas ba. Rawani layi biyu ne farare. Kuka kuwa, baƙar inuwa ce mai kauri a ƙasa da 'yan rassa a sama. Idan ina son hazon hunturu, sai in yayyafa fararen ɗigo a tsakanin masu duhu har ido ya haɗa su ya ga toka. Dole in rage tarkace, dole in bar hoto ya daɗe. Sai na tsaya na tambayi kaina ko ni ma ina raina masu wasan ne.

Amsar ta zo mini daga Nijar. Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ya fara ne da wasan inuwa, da fitila da hotunan da ya yanka da hannunsa, kafin ya taɓa kyamara. Daga baya ya je Kanada ya koyi zanen motsi a wajen Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, gajeren fim na zane baƙi da fari, kan wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya tafi ziyarar aiki da dukkan bukukuwanta. Layukan zanen ba su da yawa, amma habaicin da ke ciki ya isa ga duk mai mulki. Ya zauna shekaru da yawa a Tawa, arewa da Sakkwato, yana aiki da abin da hannunsa ya kai gare shi. Ɗan ƙasarsu Umaru Ganda shi ma ya yi Cabascabo ba launi a ƙarshen shekarun 1960, kan tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Faransa a Indocina, kuma shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1972 da wani fim ɗin nasa. Waɗannan mutane sun taƙaita hoto saboda ƙarancin kayan aiki, tare da yarda cewa mai kallo zai cike sauran da hankalinsa. Sellers ya taƙaita ne saboda yana ganin babu hankalin da zai cike.

Mu ma tsararrakina da irin wannan allo muka fara. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, kuma wasan farko da yawancinmu muka taɓa shi ne macijin Nokia 3310, a allo mai ɗigo 84 da 48. Babu wanda ya yi mana bayanin cewa jerin baƙaƙen ɗigon nan maciji ne. A duniya ma masu gina wasanni sun koma ga baƙi da fari da gangan: Limbo na Denmak a 2010, da Return of the Obra Dinn na Lucas Pope a 2018, wanda launi biyu kawai ya yi amfani da su. Bambancin shi ne su suna da rumbunan finafinan kakanninsu a kusa. Mu kuwa yawancin finafinan zamanin mallaka da suka tsira suna ajiye ne a rumbunan Landan, mutanen da suka kalle su a filin Tambuwal da Kebbe da Dogon Daji da Jabo kuma suna ta ƙarewa.

Saboda haka na rushe rabin wasan na sake gini. Yanzu mai wasa shi ne yaron motar majigi, aikinsa ya kai ƙyalle da gwangwanin fim daga gari zuwa gari kafin magariba. Idan aka kafa ƙyalle, sai ya zama mai bayani. Fim ɗin hukuma yana tafiya a sama, a ƙasa kuma ana ba shi zaɓin abin da zai faɗa wa jama'a: ya fassara yadda aka umarce shi, ko ya sassauta, ko ya juya maganar ta zama habaici ga mai karɓar haraji da ke zaune a gaba. Kowane zaɓi da abin da yake jawowa, ko daga fada ko daga fili. Rubutun duka da Hausa ne, kuma sai da na zana haruffan ƙ da ɗ da ɓ da hannuna, ɗigo bayan ɗigo, domin ƙananan haruffan wasanni da na samu ba su da lanƙwasarsu. A kowane fim kuma akwai kaza da ke gilmawa a wata kusurwa. Wanda ya gan ta ya taɓa ta, za a buɗe masa wani guntun labari daga cikin waɗanda kakana ya ba ni.

Na ɗauki muryarsa a waya sau uku kafin jikinsa ya yi nauyi. Da na kai masa sabon tsarin, ya saurari yadda na karanta masa zaɓin mai bayani, ya zaɓi na habaici ba tare da jinkiri ba. Ya ce mai bayanin da ya sani ma haka yake yi idan Bature ba ya jin Hausa sosai.

Wasan bai kammala ba tukuna. Amma ina roƙon mai karatu, idan akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da suka ga majigi, a zauna da su a wannan makon, a kunna na'urar ɗaukar murya ta waya, a tambaye su inda aka kafa ƙyallen, da wanda ya yi bayani, da abin da ya ba su dariya.