Tarihin Koyarwar da Ke Cewa Mai Bi Ba Ya Ciwo, Ba Ya Talauci

Muna magana musamman da ku da ke zaune a Boɗinga da Shagari da ƙauyukan da ke bakin hanyar da ta bar Sakkwato ta nufi Tambuwal. Mun san ba ku da yawa. Waɗansunku malaman makaranta ne, waɗansu ma'aikatan asibiti, ko 'yan sanda, ko 'yan tireda, ko matasa masu yi wa ƙasa hidima. Wata ikilisiyar ma ba ta da fasto nata na kanta. Amma mai wa'azin da ke cikin waya ba ya bukatar kuɗin mota kafin ya iso ɗakinku, kuma abin da yawancinsu suke kawowa shi ne wai wanda yake da bangaskiya ta gaskiya ba zai kwanta ciwo ba, aljihunsa kuma ba zai bushe ba. Mutane suna tsammani wannan sabon wahayi ne. Tsohuwar koyarwa ce, ta kuma bar kaburbura a ƙasashenmu.

A shekara ta 1890 waɗansu matasa daga jihar Kansas ta Amurka suka sauka a Firitawun, a Saliyo, da niyyar kai bishara cikin ƙasar Sudan, wato wannan babban yanki da ƙasar Hausa take ciki. Mutane ne masu himma ƙwarai, amma an koya masu cewa shan magani alama ce ta rashin dogara ga Allah. Da zazzaɓi ya kama su suka ƙi shan kwinin, uku daga cikinsu suka mutu a wannan shekara, ba su ko taka ƙasar da suka zo dominta ba.

Shekara uku bayan haka, a 1893, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka iso Legas, su ne suka kafa mishan ɗin da aka sani da SIM, wadda ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinta a 1954. Gowans ya mutu a Girku, Kent a Bida, dukansu a 1894. Bingham ya koma gida da ƙyar. Aikin bai tsaya da ƙafafunsa ba sai da mutane irin Likita Andrew Stirrett suka zo. Shi ne Hausawa suka sa wa suna Bature Mai Magani, ya kuwa nace wa abokan aikinsa su riƙa shan kwinin kowace rana. Mutumin addu'a ne, yana cikin waɗanda suka yi aikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, bai kuma ga saɓani tsakanin durƙusawa da haɗiye ƙwaya ba. Bingham da kansa ya rubuta littafi a 1921 mai suna The Bible and the Body, domin ya amsa wa masu cewa kowane mai bi yana da alkawarin warkewa nan take. Ya gaskata Allah yana warkarwa. Abin da ya ƙi shi ne a ɗora wa marar lafiya laifin ciwonsa.

A kudancin Najeriya koyarwar ta shigo ta wata ƙofa. Annobar mura ta 1918 ta kashe kimanin mutum rabin miliyan a ƙasar nan, likitoci kuwa ba su da abin da za su yi. A Ijebu-Ode waɗansu masu bi suka kafa ƙungiyar addu'a, daga baya suka haɗa kai da wata ikilisiya ta birnin Filadelfiya a Amurka mai suna Faith Tabernacle, wadda take aiko da takardu ta gidan waya, tana haramta kowane irin magani, na Bature da na gargajiya. Dole mu yi masu adalci: mutanen nan sun ƙone layu, sun bar bokaye, farkawar da aka yi ta hannun Joseph Babalola a Ilesha a 1930 kuma ta jawo dubbai wurin Almasihu. Amma maganar magani ta zama masu sarƙa. Wajen 1940 suka rabu da mishanonin Ingila da suke aiki tare, babban dalili kuwa shi ne an ga Turawan suna shan kwinin. Can Filadelfiya, sa'ad da baƙon dauro ya ɓarke a 1991, yara shida na wannan ikilisiya da wata 'yar'uwarta suka mutu, gama iyayensu sun ƙi rigakafi, sun ƙi asibiti.

Yanzu mu dawo gida. Kusa da mu, a ƙasar Dange Shuni, akwai Amanawa. A ƙarshen shekarun 1930 hukuma da sarakuna suka yarda SIM ta kula da wuraren jinyar kutare a lardunan Sakkwato da Katsina da Kano, wato Amanawa da Babbar Ruga da wanda ya zauna a Yadakunya. A lokacin ba a barin mishan ta yi wa'azi a fili cikin birane, saboda haka da yawa daga cikin Hausawan farko da suka ji bishara a wannan yanki sun ji ta ne suna layin karɓar allura. Allurar nan ta wani mai ce da ake tatsa daga 'ya'yan itace na ƙasar Indiya, tana da zafi ƙwarai, amfaninta kuma kaɗan ne. Sai a ƙarshen shekarun 1940 Likita John Lowe ya nuna a Uzuakoli cewa ana iya ba majinyata ƙwayar dafson su sha ta baki. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, daga 1995 kuma ana ba da su kyauta. Ku duba tsawon shekarun da ke tsakani. Akwai iyayenmu cikin bangaskiya da suka karɓi Almasihu, aka yi masu baftisma, suka koyi karatu, suka riƙe Littafi da hannu marar yatsu, suka mutu yatsun ba su dawo ba. In koyarwar nan gaskiya ce, to, su ne marasa bangaskiya. Wa zai iya buɗe baki ya faɗi haka?

Reshen kuɗi ya tsiro daga wannan kututture. E. W. Kenyon, wanda ya mutu a 1948, ya koyar da cewa abin da mutum ya furta da bakinsa shi zai mallaka. Kenneth Hagin ya ɗauki wannan, ya buɗe makarantarsa ta Rhema a jihar Oklahoma a 1974. Oral Roberts ya ƙara da maganar shuka iri: ka ba mai wa'azi kuɗi, Allah zai mayar maka ninki. A Najeriya Benson Idahosa na Benin, wanda ya yi karatu a Dallas a farkon shekarun 1970, ya rasu a 1998, shi ne ya fi kowa yaɗa ta. Ba ta yi ƙarfi sosai ba sai da ƙasa ta shiga wuya. Kafin tsarin SAP na 1986 naira ɗaya tana kusan daidai da dala ɗaya. Bayansa albashi ya narke a hannun ma'aikata, masana'antu suka rage mutane, sai majami'un alkawarin arziki suka cika. Ba mamaki ba ne da muke sake jin muryar da ƙarfi tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, dala kuma ta wuce naira 1,500 a 2024.

Yadda take lalata mutum ke nan. Gwauruwa mai ciwon sukari ta ji an ce ta shuka iri, ta ba da kuɗin maganinta. Wata ya wuce, ciwon yana nan. Mai wa'azin ba zai ce alkawarinsa ne ya faɗi ba, zai ce irinta ya yi kaɗan, ko akwai ɓoyayyen zunubi, ko wani a danginta ya ɗaure ta. Sai ta ƙara bayarwa, ta fara zargin surukarta, ta kuma ji kunyar gaya wa dattawan ikilisiya halin da take ciki, gama an hana ta furta kalmar ciwo. A ƙarshe ko ta ce Allah ya ƙi ta, ko ta ce Allah ba ya cika magana. A babban birni mai yiwuwa ta sāke majami'a. A wurin da masu bi ba su cika benci biyar ba, sai ta daina zuwa sujada gaba ɗaya, maƙwabta kuma suna kallo.

Ayar da suka fi riƙewa ita ce 3 Yahaya 2, alhali kuwa gaisuwa ce ta buɗe wasiƙa, irin yadda mu ma muke fara wasiƙa da fatan an wuni lafiya. Manzo Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba (2 Korintiyawa 12:7-9). Ya bar Tarofimas ba shi da lafiya a Militas (2 Timoti 4:20), ya ba Timoti shawara saboda ciwon cikinsa (1 Timoti 5:23), abokin tafiyarsa Luka kuma likita ne. Annabi Ishaya ya sa aka ɗora wa Sarki Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa (2 Sarakuna 20:7). Da almajirai suka tambayi Yesu zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ce ba na mutumin ba ne, ba kuma na iyayensa ba (Yahaya 9:1-3). Siman na Samariya kuwa, da ya miƙa kuɗi domin baiwar Allah, kun san amsar da Bitrus ya ba shi.

Abin da masu wa'azin waya ba sa faɗa shi ne, Hagin da kansa, shekara uku kafin mutuwarsa, ya fitar da littafi a shekara ta 2000 mai suna The Midas Touch, inda ya tsauta wa almajiransa a kan alkawarin ninki ɗari da matsa wa mutane su bayar domin su samu. Malaman tauhidi na Afirka sun zauna a Akropong ta ƙasar Gana a 2008 da 2009 ƙarƙashin ƙungiyar Lausanne, suka yarda Allah yana yin mu'ujizai, yana kuma so a yaƙi talauci, amma suka ce koyarwar da ke auna ruhaniyar mutum da dukiyarsa ƙarya ce, tana kuma azurta mai wa'azi ta bar talaka yadda yake. Babban taron Lausanne na Cape Town a 2010 ya sake tabbatar da wannan hukunci, da wakilai daga ƙasashe kusan 200, Najeriya na cikinsu.