Majalisar Taɗi ta Bauchi da Wuyar Riƙon Zama

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ta nufi Doguwa, ya san majalisun bakin titi. Benci ne a gindin darbejiya, ko tabarma a ƙofar shagon tela, da mutum shida ko goma waɗanda kusan kullum su ne dai. A nan ake tantance farashin taki, a auna ɗan takara, a shirya zuwa ta'aziyya. 'Yan bokon Bebeji da Kiru da ke aiki a Kano da Kaduna da Abuja su ma suna da irin tasu: ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko ta ci gaban gari, wadda ake kafawa da ɗoki a hutun Sallah. Galibi kafin a yi Sallah uku ta zama suna kawai. Ba a yi faɗa ba, ba wanda ya ce a rushe, amma an daina haɗuwa.

Wannan ciwo ba sabo ba ne. Siyasar Arewa ta zamani ta tsiro ne daga 'yan ƙananan majalisun tattaunawa na shekarun 1940, kuma kusan dukkansu ba su yi tsawon rai ba. Yadda kowacce ta mutu darasi ne ga mai son tasa ta ɗore.

An buɗe Kwalejin Katsina a 1921, aka mayar da ita Kaduna a 1938. Ɗalibanta kaɗan ne, kuma da sun gama sai a rarraba su a makarantun midil da ofisoshin En'e. Saurayi ya karanta tarihin Turai da muhawarar majalisar Ingila, sai ya sami kansa a garin da ba ya iya ɗaga kai a gaban hakimi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta ba su filin wasiƙu, amma wasiƙa ba ta maye gurbin zama ido da ido.

Wanda ya fi kowa jin wannan ƙishirwa shi ne Malam Sa'adu Zungur. Ɗan malaman Bauchi ne, ya yi karatun addini mai zurfi, ya yi Kwalejin Katsina, ya kuma je Kwalejin Yaba a Ikko a 1934. Yana koyarwa a makarantar tsabta da ke Zariya ya tara 'yan boko a wata ƙungiyar adabi da muhawara. Ba ta yi nisa ba, domin hukuma ba ta sake da ita ba, shi kuma rashin lafiya ya mayar da shi gida Bauchi. Zaman da ya rataya a wuyan mutum ɗaya, ranar da mutumin ya tashi sai ya tafi da shi.

A Bauchi ya tarar da abokan da suka dace. Makarantar Midil ta garin tana da Malam Abubakar Tafawa Balewa da Malam Yahaya Gusau, ga kuma wani matashin malami da ya iso a 1942, Malam Aminu Kano. A tsakanin 1943 da 1944 aka sami abin da ake kira Majalisar Taɗi ta Bauchi. Turawan mulki sun amince da ita, har wani babban jami'insu, A. J. Knott, yakan zauna a ciki. Lissafinsu shi ne gara samarin su yi magana a fili, inda ake jin su, da su riƙa aika ƙorafi a ɓoye zuwa jaridun Ikko irin su West African Pilot. Malamai da ma'aikatan En'e da jami'an Turawa suka riƙa haɗuwa ana ɗaukar batu guda ana tattaunawa: ci gaban ƙasa, 'yancin jarida, har da tsarin mulkin Turawa ta hannun sarakuna.

Abin lura a wannan majalisa shi ne mutanenta ba bakinsu ɗaya ba. Sa'adu da Aminu suna ganin tsarin En'e ya tsufa, ya zama rigar zalunci. Abubakar Tafawa Balewa yana ganin gyara yake bukata, kuma a hankali. Sukan kara a gaban jama'a, gobe kuma su haɗu a makaranta. Wannan saɓanin ne ya sa zaman ya yi armashi, domin ba mai barin gidansa da dare don ya je ya ji abin da ya riga ya yarda da shi.

Ƙarshenta ya zo ta hanyar tambaya guda. A wani zama Malam Aminu ya nemi a bayyana masa da me ake auna albashin sarki. A zamanin Sarkin Bauchi Yakubu na Uku ne, kuma tambaya irin wannan a bainar jama'a ta wuce abin da hukuma ta shirya ɗauka. Ba a daɗe ba aka rufe majalisar. Wanda ya ba da ɗakin taro shi ne ya karɓe mabuɗi. Kariyar da amincewar hukuma ta ba su ita ce kuma ta zama igiyar da aka ja.

Ko da ba a rufe ta ba, da wuya ta kai labari, domin mutanenta sun watse. Balewa ya tafi karatu Landan a 1945, Aminu ya bi a 1946, daga baya aka tura shi kwalejin horon malamai ta Maru. Sa'adu ya koma Ikko a 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC. Canjin wurin aiki makami ne da gwamnati ta san amfaninsa. A Kano ma ƙungiyar NEPA, wadda Raji Abdallah da abokansa suka kafa a 1946, ta gamu da irin wannan: yawancin 'ya'yanta ma'aikata ne, aka matsa musu ta wurin aikinsu, shi kuma Raji ya ƙare a kurkuku saboda gwagwarmayar 'yan Zikist. Cikin 'yan shekaru ƙungiyar ta shuɗe.

Akwai kuma mutuwa ta uku, wadda ta zo cikin rigar nasara. Ƙananan ƙungiyoyin garuruwa, irin ta samarin Sakkwato da Shehu Shagari yake ciki, su ne suka haɗu suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda aka soma shiryawa a 1948 a Zariya da Kaduna, Dokta R. A. B. Dikko yana kan gaba. Da farko ƙungiyar al'adu ce, mai yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci, kuma masu zafi da masu sanyi duk suna ciki. A ranar 8 ga Agusta 1950 samari takwas suka kafa NEPU a Kano. A wannan watan dai Balewa ya tashi a Majalisar Arewa ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. Abokan muhawarar Bauchi suna nan kan batunsu na dā, amma kowa daga nasa dandamalin. Da Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, ma'aikatan gwamnati irin su Dikko suka janye, 'yan NEPU kuma aka raba gari da su. Arewa ta sami jam'iyyu biyu, ta rasa ɗakin da Aminu da Abubakar za su zauna su yi gardama ba tare da an ƙirga ƙuri'a ba. Shekarun da suka biyo baya, na ɗauri da bulala da 'yan mahaukata, sun nuna tsadar wannan rashi.

Cikin ƙungiyoyin wancan zamani, wadda ta rayu har yau ita ce ta tsofaffin ɗaliban kwalejin, wadda ke danganta asalinta da 1939. Ita ma ta yi dogon suma a farkonta. Abin da ya tashe ta shi ne makarantar ba ta daina yaye ɗalibai ba: ta koma Zariya a 1949, ta karɓi sunan Barewa a 1971, kuma kowace shekara tana zuba sababbin mutane. Majalisar Bauchi ba ta da irin wannan maɓuɓɓuga. Ta tsara ɗaya ce, ta tafi da tsararta.

Wani misali daga nesa ya ƙara fito da batun. A 1727 Benjamin Franklin, yana matashin ma'aikacin ɗab'i a Filadelfiya ta Amurka, ya tara abokai a wata majalisa ta mutum goma sha biyu mai suna Junto, ta yi kusan shekara arba'in. Ba su fi mutanen Bauchi basira ba. Abin da suka riƙe ƙananan abubuwa ne. Suna haɗuwa kowace Juma'a da dare. Suna da jerin tambayoyi a rubuce da ake bi a kowane zama. Kowane ɗan majalisa yana kawo rubutunsa sau ɗaya a wata uku. Wanda ya yi wa ɗan'uwansa musu da gatsali akwai 'yar tara a kansa. Da masu son shiga suka yi yawa, ba su faɗaɗa zaman ba, sai kowa ya je ya kafa ƙaramar majalisa tasa. Kuma taɗin nasu ya haifi abin da ake gani da ido, wato ɗakin karatu na haɗin gwiwa a 1731. Gaskiya ne ba su da Razdan da En'e a kansu, amma tsarin da suka bi ba ya bukatar izinin kowa.

Idan aka jera waɗannan labarai, za a ga cewa majalisa tana rayuwa ne da aikin da ba a yi wa tafi. Akwai mutumin da ke share wuri, ya tuna wa mutane ranar zama, ya rubuta abin da aka yanke, ya je gidan wanda ya yi fushi ya lallashe shi. Sau da yawa mutum ɗaya ne yake yin wannan shekara da shekaru, kuma ba a sanin nauyinsa sai ranar da aka yi masa canjin aiki ko ya kwanta ciwo. Majalisar da ba ta koya wa na biyu da na uku wannan aiki ba, kwananta ƙirgagge ne. Haka kuma wadda take zama a harabar wani mai iko, ko take cin abincin wani ɗan takara, ta san cewa akwai tambayar da ba za ta iya yi ba. Wadda kuma ta kori masu saɓa mata don a zauna lafiya, za ta zauna lafiya har ta yi barci.

Ƙasar da ke tsakanin Bebeji da Doguwa ba ta rasa abin tattaunawa ba. Ga ruwan madatsar Tiga da yadda ake rabon amfaninsa, ga tsaron hanyar Falgore, ga ma'adinan Riruwai da wanda zai ci moriyarsu, ga makarantun firamare da ke neman malamai. Batutuwa ne da ba a gama su a zama ɗaya, ba kuma a zangon mulki ɗaya ba. Suna bukatar mutanen da za su riƙa komawa kansu shekara bayan shekara, suna tuna abin da aka alkawarta bara, da manomi da malamin makaranta da lauyan da ke Abuja duk a tabarma ɗaya.

Malam Sa'adu Zungur ya rasu a 1958, watanni kaɗan bayan abokin gardamarsa ya zama Firayim Minista. Majalisar da suka zauna a cikinta ba ta fi 'yan shekaru ba, amma ta horar da mutanen da suka ja ragamar Arewa ta ɓangarori biyu. In gajeren zama ya yi wannan, ana iya tunanin abin da zai fito daga wanda aka riƙe shekara talatin. Mai majalisa a Kiru ko Tudun Wada zai iya farawa da duba abu biyu a zama na gaba: wa zai riƙe littafin idan sakatare ya tashi, kuma yaushe rabon da a ga sabuwar fuska, ta ɗan shekara ashirin da biyar, a kan bencin.