Kwari da Baka a Tarihin Birnin Kano

Tun kafin zuwan Bagauda, sarkin Kano na farko, wajen shekarar 999, mazauna Dutsen Dala sun shahara da farauta, har aka ce shugabansu Barbushe yakan kashe giwa da sanda. Maharbi, wato mai farauta da kwari da baka, yakan shafa wa kibiyarsa dafin kwankwani, wani tsiro mai guba, domin naman da ya tsere da rauni kada ya yi nisa. Sarkin Baka ne jagoran maharba, kuma da rani samarin unguwannin cikin ganuwa, irin su Soron Ɗinki, sukan fita daji da karnuka da kiɗa. Abin takaici, dazukan sun koma gonaki, babban wanda ya rage shi ne Falgore, inda doka ta hana farauta.