Jadawalin Binciken Ƙa'idojin Aiki a Manhajojin Shaidar Ma'aikata: Nazari a Kan Ƙaramar Hukumar Rimin Gado

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake saita lokutan da manhajar kula da shaidar ma'aikata za ta riƙa binciken ƙa'idojin aiki da kanta, ta auna saitin da kalandar aiki ta ƙaramar hukuma irin Rimin Gado a Jihar Kano. Matsayinta shi ne, ranar haɗa albashi da ranar da jami'i ke ofis su ya kamata su tsara jadawalin, yawan maimaici ya biyo baya.

Gabatarwa

A watan Fabrairu na 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar da cire ma'aikatan bogi 23,846 daga takardar albashi, bayan an gwama sunaye da lambar BVN wadda Babban Banki ya ƙaddamar a 2014. Irin wannan tantancewa takan tsabtace takarda ranar da aka yi ta, amma daga washegari wani zai rasu, wani a yi masa canjin wurin aiki, wani ya kai shekarun ritaya. Manhajoji irin su One Identity Manager da SailPoint IdentityIQ da Microsoft Entra ID suna ba da damar a rubuta ƙa'ida sau ɗaya, kwamfuta ta riƙa bin kowane suna tana dubawa a kan jadawali.

Rimin Gado na cikin ƙananan hukumomi 44 na Kano, tana yamma da birni, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 104,790. Malaman firamare da ma'aikatan asibitocin karkara a warwatse suke cikin ƙauyuka, labarin mutuwa ko barin aiki kan daɗe bai iso sakatariya a rubuce ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara wa batun lokacin da ya kamata a riƙa binciken nauyi.

Hanyar Nazari

An ɗauki ƙa'idoji uku a matsayin misali, aka gwada kowace da kalandar Miladiyya da ta Hijira.

Sakamako da Tattaunawa

Ƙa'idar ritaya ita ce mafi sauƙi, domin lissafi ce zalla: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, wadda ta riga zuwa. Dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga na malamai zuwa 65 da 40, don haka dole ƙa'idar ta bambance rukunin ma'aikata bisa dokar da ke aiki a kansu. Idan bayan wata uku-uku ake dubawa, wanda wa'adinsa ya cika jim kaɗan bayan bincike zai iya karɓar albashi uku kafin a ankara. Binciken wata-wata ma ba ya tsinana komai in ya faɗo bayan an rufe takardar albashi, domin kuɗi sun riga sun fita, kuma ƙwato su ya fi hana su wuya nesa ba kusa ba. Mako guda kafin rufewa shi ne gurbin da ya dace.

A nan ne saitin ke yaudarar mutane. Tsarin cron, wanda jadawalai da yawa suka gada daga Unix, yana da gurabe biyar: minti, awa, ranar wata, wata, da ranar mako. Wanda ya rubuta 31 da nufin ƙarshen wata, bincikensa sau bakwai kacal zai gudana a shekara, wanda ya rubuta 30 kuma zai tsallake Fabrairu, ba tare da manhajar ta yi ƙorafi ba. Haka nan babbar kwamfutar da ke kan agogon UTC tana bayan Nijeriya da awa ɗaya, ƙarfe 11:30 na darenta ya riga ya zama washegari a Kano.

Ƙa'ida ta biyu, wato kada mutum ɗaya ya riƙe ikon shigar da suna da ikon amincewa da biya, kullum ya kamata a duba ta, domin ɓarnarta ba ta jiran ƙarshen wata. Ta uku, lambar NIN ko asusun banki ɗaya a ƙarƙashin suna biyu, mako-mako ya wadatar.

Abin da masu ƙera manhajojin ba su cika lura da shi ba shi ne kalandar Hijira. Shekarar ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, kuma ranar Sallah sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar daga Sakkwato. Babu gurbin cron da zai san wannan tun farkon shekara. Rahoton da ya fito ranar jajibere zai kwana a akwatin saƙo har a gama hawa, kuma da an biya albashi da wuri saboda bikin, tazarar mako gudan nan ta rushe. Saboda haka a ganina kamata ya yi umarnin haɗa albashi da kansa ya tayar da binciken, tsayayyen jadawali ya zama kariya ta biyu. Juma'a ma rana ce gajera a ofisoshin Kano, Litinin ko Talata sun fi ta.

Saura batun wuta da intanet. Idan kwamfutar tana sakatariya ne, binciken tsakar dare da aka saba sakawa zai iya tarar da ita a kashe, don haka a saita ta rama wanda ya kuɓuce da zarar an kunna, a kuma sa wani jami'i daban ya riƙa duba ranar da bincike na ƙarshe ya kammala. Rahoton yana ɗauke da NIN da lambar asusu, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta shafi irin waɗannan bayanai, don haka sunayen masu karɓarsa da tsawon lokacin ajiye shi su shiga cikin saitin tun ranar farko.